Magani ba tare da an ba da gado ba: abin da asibitocin Ingila ke gwadawa, da abin da Maradi ta riga ta sani

A watan Janairun 2025 babbar ƙungiyar ma'aikatan jinya ta Birtaniya, RCN, ta fitar da wani rahoto da ya tayar da ƙura a ƙasar. Ma'aikatan jinya sama da 5,000 ne suka ba da shaidar abin da idonsu ya gani: marasa lafiya kwance a barandar asibiti, wasu a kan kujera tun safe har dare, wasu a ɗakin ajiyar kaya, duk domin babu gado. Duk wanda ya taɓa kai ɗansa asibiti a Maradi ko Damagaram cikin watan Satumba, lokacin da masassarar cizon sauro ke ganiyarta, ba zai ji labarin a matsayin baƙon abu ba. Abin mamakin kawai shi ne daga inda ya fito.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da hukumar kiwon lafiya ta Ingila, NHS, ta fi dogara da su domin rage wannan cunkoso ita ce tsarin da ake kira SDEC a taƙaice, wato kulawar gaggawa ta yini ɗaya. Mara lafiyar da a da sai an kwantar da shi, yanzu a kan duba shi, a yi masa gwaje-gwaje, a fara masa magani, ya koma ya kwana a ɗakinsa. Kuma nauyin wannan aiki, mafi yawansa, a wuyan ma'aikatan jinya yake.

Yadda gado ya yi ƙaranci

Ƙarancin gado a Ingila ba dare ɗaya ya faru ba. A ƙarshen shekarun 1980 asibitocin gwamnati na ƙasar suna da gadaje kusan 300,000. Zuwa 2020 sun dawo kusan 140,000, wato an rage fiye da rabi. Wani ɓangare na ragin da gangan aka yi shi: an rufe manyan gidajen masu taɓin hankali, aikin tiyata kuma ya sauƙaƙa har mutum na iya komawa gida ranar da aka yi masa. Sai dai a daidai wannan lokaci jama'a sun ƙaru, tsofaffi sun yi yawa, masu ɗauke da cututtuka biyu ko uku a jiki ɗaya su ma sun ƙaru. A yau Birtaniya na da gado kusan biyu da rabi ga kowane mutum 1,000, alhali Jamus na da kimanin ninki uku na haka.

Tun 2004 aka kafa wa sassan gaggawa ƙa'idar awa 4: cikin wannan lokaci ko dai a sallami mara lafiya, ko a ba shi gado, ko a tura shi wani wuri. Daga 2010 abin da ake nema shi ne a cika ƙa'idar ga kashi 95 cikin 100 na masu zuwa. Rabon da a cimma wannan adadi a faɗin Ingila tun watan Yulin 2015. Dalilin a fili yake: idan ɗakunan kwanciya sun cika, wanda ke sashen gaggawa ba shi da inda za a kai shi, motar ɗaukar marasa lafiya kuma ta tsaya a ƙofa da nata a ciki, wanda ya kira ta daga gida ya yi ta jira.

Tunanin yi wa mutum magani a sallame shi a yini ɗaya ya girmi sunan SDEC. Tun 2007 aka wallafa jerin cututtukan manya da za a iya kula da su ta wannan hanya. Amma shirin dogon zango na NHS da aka fitar a Janairun 2019 shi ne ya mayar da abin wajibi: kowane babban asibiti mai sashen gaggawa ya buɗe irin wannan sashe aƙalla awa 12 a rana, kwana 7 a mako, da burin a ɗaga yawan waɗanda ake sallama ranar da suka zo daga kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin uku.

Abin da ake yi a cikin sashen

Misali zai fi bayyana abin. A ce mace mai shekara 50 ta wayi gari ƙafarta ɗaya ta kumbura tana ciwo. Abin tsoro a nan shi ne jini ya daskare a babbar jijiyar ƙafa, domin gudan jinin na iya ɓallewa ya tafi huhu ya kashe mutum. Shekaru 30 da suka wuce za a kwantar da ita kwanaki, ana sa mata maganin tsinka jini ta jijiya. A sashen yini ɗaya kuwa, ma'aikaciyar jinya ce za ta tarbe ta, ta yi mata tambayoyi bisa wani jadawali na auna haɗari, ta ɗebi jini, ta tura ta a haska ƙafar da na'urar eko. In an tabbatar da cutar, kuma babu alamar ta taɓa huhu ko zuciya, sai a ba ta ƙwayoyin tsinka jini, a yi mata bayanin alamun da in ta gani ta dawo nan take, a sa mata ranar dawowa. Kafin la'asar tana gida.

Haka ake yi wa mai kumburin fata da ƙwayoyin cuta suka haddasa: a yi masa allurar jijiya sau ɗaya a rana, ya riƙa zuwa yana komawa. Mai ciwon ƙirji da ba a ga alamar haɗari a tare da shi ba, a auna bugun zuciyarsa da na'ura, a gwada jininsa, a sake gwadawa bayan awa ɗaya zuwa uku, in komai lafiya ya tafi. Mai ƙarancin jini a yi masa ƙarin jini ko ƙarin sinadarin ƙarfe yana zaune a kujera. Shi ya sa a irin wannan sashe kujeru masu kishingiɗa suka fi gadaje yawa, kuma mara lafiya da kayansa na gida yake zama, ba a sa masa rigar asibiti.

Amfanin bai tsaya ga samar da gado ba. Kwanciya asibiti ita ma tana da nata haɗari: ana ɗaukar cututtuka daga maƙwabcin gado, tsoho kan ruɗe idan aka raba shi da inda ya saba, kuma kwanaki kaɗan a kwance na iya raunana ƙafafunsa har ya kasa tashi da kansa.

Me ya sa ma'aikatan jinya ne ginshiƙi

Duk tsarin ya rataya ne a kan tambaya ɗaya: wa zai iya komawa gida, wa kuma komawarsa za ta zama ajalinsa? Wanda ke fara amsa ta shi ne ma'aikacin jinyar da ke bakin ƙofa. Domin kada abin ya zama na ganin dama, asibitocin Ingila na amfani da ma'auni ɗaya mai suna NEWS2, wanda aka sabunta a 2017. Ana auna yawan numfashi, iskar oksijin a jini, zafin jiki, awon jini, bugun zuciya, da ko mutum na cikin hayyacinsa, a duba kuma ko an riga an sa masa oksijin. Kowane awo na da maki. Mai maki kaɗan na iya zuwa sashen yini ɗaya. Wanda makinsa ya kai 7 kuwa ba maganar gida ake ba, ceton rai ake.

Bayan tantancewa, akwai ma'aikatan jinya masu ƙarin karatu har matakin digiri na biyu, waɗanda ke duba mara lafiya, su nemi gwaji, su karanta sakamako, su sallama. Tun 2006 doka ta ba ma'aikacin jinyar da ya samu horo na musamman ikon rubuta kusan kowane magani da ya shafi fanninsa, ba sai likita ya sa hannu ba. Ba don haka ba, da kowane mara lafiya sai ya jira likita, a koma gidan jiya.

Faransa, wadda tsarin karatun likitanci na Nijar ya fi kama da nata, ta bi sahu daga baya. A 2018 ta ƙirƙiro muƙamin IPA, ma'aikacin jinya mai aiki na gaba, wanda sai ya yi shekara uku yana aiki sannan ya ƙara karatun shekara biyu. Bayan dogon yajin aikin sassan gaggawa na 2019, a 2021 aka buɗe wa IPA reshen aikin gaggawa.

Kashi na uku na aikin, wanda ba a cika ganinsa ba, shi ne magana. Mara lafiyar da aka kwantar, idon ma'aikata na kansa dare da rana. Wanda aka sallama kuwa, shi da iyalinsa ne suka zama masu gadi. In ba a zauna an fahimtar da su yadda za a sha magani da alamun da ke nufin a dawo ba, to ba sallama aka yi ba, kora aka yi. Saboda haka sassa da yawa kan kira mara lafiya ta waya washegari, ko su ba shi lambar da zai kira kai tsaye.

Inda gizo ke saƙa

Ko a Ingila tsarin na da masu suka, kuma sukar na da tushe. Babbar matsalar da ma'aikata ke kuka da ita ita ce, da zarar hunturu ya shigo asibiti ya cika, sai shugabanni su jera gadaje a sashen yini ɗaya su kwantar da mutane. Washegari babu wurin karɓar masu zuwa su koma, sai su ma a kwantar da su, cunkoson ya ƙaru. Wato a ranar da aka fi bukatar sashen, a ranar ake kashe shi.

Na biyu, akwai zargin cewa wasu asibitoci kan tura mutane can ne domin agogon awa 4 ya daina ƙirga su, ba domin sun dace da wurin ba. Na uku, sashen ba ya aiki sai da ɗakin gwaji da na'urorin hoto masu ba da sakamako cikin awa ɗaya ko biyu. In sakamako sai gobe, to dole mutum ya kwana. Na huɗu, nauyin da aka sauke daga asibiti a kan wani yake sauka, galibi mace a gida. Tsohon da ke zaune shi kaɗai ba shi da wannan gata.

Sannan ga ƙarancin ma'aikata. A Disamban 2022 RCN ta shiga yajin aiki na ƙasa, irinsa na farko a tarihinta na sama da shekara 100, kan albashi da yanayin aiki. Birtaniya na cike giɓinta da ma'aikatan jinya daga waje, kuma Najeriya na cikin ƙasashe uku da suka fi ba ta, bayan Indiya da Filifin. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta sa Najeriya da Nijar cikin ƙasashe 55 da ta ce a 2023 bai kamata a riƙa zuwa neman ma'aikatan lafiyarsu ba, saboda su ma ba su ishe su ba.

Darasin 2005

Wanda ya ji wannan labari zai iya cewa sha'anin masu kuɗi ne. Amma ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajen da duniya ta yi na kula da mai tsananin ciwo ba tare da an kwantar da shi ba, a jahar Maradi aka yi shi.

Kafin shekarun 2000, yaron da tamowa mai tsanani ta kama sai an kwantar da shi kusan wata guda ana ba shi madara ta musamman, uwarsa na zaune tare da shi, ta bar sauran 'ya'ya da gona. Gadaje ba sa isa, uwaye da yawa kuma kan gudu kafin a gama. Abin da ya canza lissafin shi ne Plumpy'Nut, kwaɓin gujiya da madara da sukari da mai da sinadarai, wanda likitan Faransa André Briend da Michel Lescanne na kamfanin Nutriset suka haɗa a 1996. Ba a dama shi da ruwa, ba ya saurin lalacewa, ƙunshi ɗaya na giram 92 na ɗauke da kalori 500, uwa na iya ba ɗanta a gida.

A lokacin matsalar abinci ta 2005, ƙungiyar likitoci ta MSF ta kula da yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jahar Maradi, kuma galibinsu a gida suka warke. A 2007 OMS da UNICEF da PAM suka amince da wannan hanya ga duniya baki ɗaya. Daga nan ne rabon da kowace uwa ta sani a yau ya kafu: CRENAS a CSI, inda ake zuwa sau ɗaya a mako a auna yaro a karɓi rabonsa, da CRENI a asibiti, inda ake kwantar da wanda ciwonsa ya haɗu da wata matsala. Har a Yamai kamfanin STA ke sarrafa kwaɓin.

In aka duba da kyau, ginshiƙan CRENAS su ne na SDEC. Akwai awo bayyananne: igiyar auna damtse, in ta nuna ƙasa da milimita 115 yaro ya shiga ja. Akwai gwaji mai raba na gida da na asibiti: a ba yaro kwaɓin a gaban ma'aikaci, in ya ci zai iya komawa gida, in ya ƙi ci, ko yana da kumburi mai yawa, ko numfashinsa na sama-sama, ko ya galabaita, sai CRENI. Akwai ranar dawowa. Akwai mai bin sawu a gari idan uwa ba ta zo ba. Kuma duk wannan ma'aikatan jinya ne ke riƙe da shi, ba likitoci ba.

Abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba

Tambayar ita ce ko manyan asibitoci irin na ƙasa da ke Yamai da Damagaram, da asibitocin jaha na Maradi da Tawa, za su iya shimfiɗa wannan dabara ga manya da sauran cututtuka. A wani fanni an riga an fara ba tare da an ba abin suna ba. Ajiye mara lafiya na 'yan awoyi a CSI ana sa masa ido, a yi masa ƙarin ruwa a sallame shi da yamma, abu ne na kullum. Abin da ya rage shi ne ƙa'ida a rubuce: wa za a ajiye, awa nawa, me za a auna, yaushe za a tura gaba.

Akwai cututtukan da suka dace da hakan. Mai gudawa da jikinsa ya fara bushewa amma yana iya sha, awa huɗu na ruwan gishiri da sukari a gaban ma'aikaci kan ishe shi. Mai fuka da ta tashi, mai ciwon suga ko hawan jini da awonsa ya hau ba tare da ya taɓa ƙwaƙwalwa ko zuciya ba, mai amosanin jini da ciwon ƙashi ya taso masa ba tare da zazzaɓi ko ciwon ƙirji ba, duk ana iya kwantar musu da ciwo cikin yini a sake ganinsu washegari.

Akwai kuma inda ba a wasa. Masassarar cizon sauro mai tsanani ba ta yini ɗaya ba ce. Yaron da ke sanƙarewa, ko ya suma, ko ba ya iya sha, ko yana amayar da komai, ko tafin hannunsa ya yi fari fat, ko fitsarinsa ya yi baƙi, gado yake bukata. Ƙa'idar OMS ita ce allurar artesunate aƙalla na awa 24, sannan ƙwayoyi na kwana uku. Amfanin sashen yini ɗaya a damina shi ne ya janye masu sauƙi daga layi domin wannan yaron ya samu gadon da ma'aikacin da ke da lokacinsa. Tsarin tantance yara a bakin ƙofa da OMS ta tsara, wanda ma'aikatan ƙasashe masu amfani da Faransanci suka sani da TETU, don haka aka yi shi: a ga mai mutuwa kafin wanda ya riga zuwa.

Bambanci mafi girma tsakanin ƙasashen biyu shi ne aljihu da nisa. A Ingila tun 1948 mara lafiya ba ya biyan kuɗin ganin likita ko na gwaji a asibitin gwamnati. A Nijar yara 'yan ƙasa da shekara 5 da masu haihuwa ta tiyata na da kulawa kyauta tun 2006, daga 1 ga Satumban 2024 kuma gwamnati ta rage rabin kuɗin ayyukan asibitocinta. Duk da haka babba shi ke sayen maganin da aka rubuta masa a farmasi, shi ke biyan kabu-kabu ko adaidaita. Ga mazaunin gari, komawa gida riba ce: babu kuɗin gado, babu ɗauko abinci sau uku, babu mai barin kasuwa ko gona ya zo zaman jinya. Ga wanda ya zo daga ƙauye a amalanke kuwa, cewa ya dawo gobe daidai yake da cewa kada ya dawo. Saboda haka a nan tambayar nisan gida, da ko akwai salula, da ko akwai mai dubawa da dare, ya kamata ta shiga cikin awon tantancewa kamar yadda zafin jiki ya shiga.

Sai batun mutane. OMS na ganin ƙasa na bukatar likitoci da ma'aikatan jinya da ungozomomi 4.45 ga kowane mutum 1,000. Nijar ba ta kai ko 1 ba. Makarantun ENSP na Yamai da Damagaram da masu zaman kansu na yaye ɗalibai kowace shekara, amma da yawansu na aikin sa kai ko na kwantaragi suna jiran a ɗauke su. Sashen yini ɗaya ba ya rage bukatar ma'aikata. Kujera ɗaya da mutum uku ko huɗu suka zauna a kanta cikin yini ta fi gado ɗaya cin aiki. Kuma ma'aikacin jinyar CSI, wanda a zahiri ya daɗe yana duba marasa lafiya yana rubuta magani saboda babu likita kusa, yana bukatar horo da kariyar doka daidai da nauyin da ya riga ya ɗauka.

Akwai ma abin da ya shafi jama'a kansu. Da yawa na ganin in ba a sa wa mara lafiya ruwa an ba shi gado ba, to an wulaƙanta shi. Wannan tunani ba zai kau da umurni ba. Zai kau ne idan wanda aka sallama ya ga an yi masa bayani da harshensa, an sa masa rana, kuma da ya dawo cikin dare an karɓe shi ba tare da ya sake bin layi ba.

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Asibitin da ke son gwada wannan hanya, cikin rani ya kamata ya ware ɗaki, ya sa manjo da ma'aikatansa na dindindin, ya rubuta jerin cututtuka biyar ko shida da alamun da ke hana sallama, ya daidaita da ɗakin gwaji kan saurin sakamako, ya buɗe rajistar waɗanda suka dawo cikin kwana uku da waɗanda ba a sake jin labarinsu ba. Wannan rajista ita ce za ta nuna ko ana ceton gado ne ko ana tura mutuwa gida. Kuma darasin Ingila na nan a ajiye: ranar da watan Satumba ya zo baranda ta cika, za a so a shimfiɗa katifu a wannan ɗakin, kuma daga ranar ya daina aikin da aka buɗe shi dominsa.